Mastar a fannin lafiya: ta ƴaƴan masu hali ce kaɗai?

Habu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ina kan bakana: mastar a fannin lafiya ta zama ta masu hali. Ɗan talaka ya gama lisans ɗinsa na shekara 3, sai ya nemi kwantiragi a wani CSI, wato ƙaramar likita, ya rufa wa iyaye asiri. Shekara 2 ta mastar, wa zai ci da shi?

Hajiya Rabi: Habu ƙanena, ka faɗi rabi ka bar rabi. Kafin a buɗe jami'ar Damagaram a 2010, yaron Tanut ko Gure sai ya ci sama da kilomita 1000 zuwa Yamai. Yau wannan jami'a, mai suna André Salifou, na da sashen ilimin lafiya, ga ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, ga babbar likita ta ƙasa inda ake koyon aiki. Ga kuma bursi, wato tallafin karatu, na hukumar gwamnati ANAB. Wannan ba sauƙi ba ne?

Habu: Sauƙin matakin farko ne, Hajiya. Kwarewa da yawa har yanzu sai an bar gari, Yamai ko waje. Kuma kuɗin rajista ba shi ne ke karya mutum ba. Hayar ɗaki ce, da kuɗin kabu-kabu kullum, da intanet, da buga kundin bincike kofi-kofi ranar kare shi.

Malam Lawali: Ni majo ne, wato shugaban CSI, a karkara, ku bar ni in sa baki. Akasarin waɗanda na san sun koma mastar ma'aikata ne masu albashi, ba ƴaƴan alhazai ba. Adashi suka yi, wani ya sayar da ragunansa.

Habu: To ai ka taya ni, Malam! Mai albashi ne ke iyawa, ɗan kwantiragi fa?

Zainabu: Yayyena, duk kun tsallake mata. Ku leƙa ajin ungozoma, mu ne cike. A mataki na gaba sai mu ragu. Ƙawata na karɓar haihuwa a wani ƙauye bayan Magariya, goyo a baya, fitilar waya a baki in wuta ta ɗauke. Ta fi kowa sanin aikin. Amma ko an yafe mata kuɗin makaranta, wa zai riƙe mata yara da ɗakin haihuwar shekara 2?

Hajiya Rabi: Nan kam ba ni da ja, ƴata. Amma wannan matsalar tsari ce, ba ta arziki ba.

Zainabu: Duka biyun ne, Hajiya. A yi darussa a dunƙule, mako ɗaya a wata, a tura wa ƙawar tawa mai canjinta, a ware bursi na ma'aikatan karkara. Ita ta ce in an yi haka, bana za ta ajiye takardunta.