Tambaya kan murɗa totur ɗin injin kwale-kwale har ƙarshe

Mai tambaya daga Dakace:

Assalamu alaikum. Na sayi sabon injin kwale-kwale ƙirar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, domin ɗaukar albasa da tumatir da masu zuwa gona a kogin Galma da ke Zariya. Wanda ya sayar mini ya ce kada in taɓa murɗa totur har ƙarshe, domin injin zai buga, amma wani tsohon matuƙi ya ce injin da ba a buɗe masa wuta shi ne ke saurin mutuwa. Ina roƙon masana su raba mini wannan gardama.

Bakanike daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowanne daga cikinsu yana da gaskiyarsa. Tunda injin sabo ne, a awa 10 na farko sai ka lallaɓa shi, kana sauya gudu, kuma ka haɗa fetur lita 25 da baƙin mai lita 1. Bayan nan sai ka koma lita 50 da lita 1, wato rabin lita a tankin lita 25. Ka nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, domin man babur an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa, naka kuwa ruwa ne ke sanyaya shi.

Idan ya wuce wannan mataki, buɗe masa wuta ba laifi ba ne, muddin juyinsa yana tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya, kamar yadda kamfanin ya ƙayyade wa irinsa. Abin da ke kashe inji shi ne a murɗa totur har ƙarshe amma ya kasa kai wannan juyi, saboda kaya sun yi yawa ko farfelar ta fi ƙarfinsa. A lokacin yana nishi ne kamar motar da ke hawan tudu da babbar giya, zafi yana taruwa a kan fistin har ya ƙone. Maganinsa a rage kaya ko a sa farfela mai ƙaramin taku, wato wadda lambar takun da ke jikinta ta fi ƙanƙanta. Gaskiyar tsohon matuƙin kuma ita ce, injin da kullum yake tafiya a hankali yana tara baƙin hayaƙi a fulogi.

Matuƙi, ɗan asalin Yawuri mazaunin Tudun Wada:

Malam ya gama bayanin inji, ni kuwa ruwan nake so a duba. Galma ba tafkin Kainji ba ce. Da rani ruwanta yana janyewa, yashi yana tasowa, ga kututture a ɓoye, kuma wanda ya bugi ɗaya daga cikinsu da cikakken gudu zai rasa farfela, wataƙila har da giya. Yashin da injin ke zuƙa yana cinye robar famfon da ke tura ruwan sanyaya shi, saboda haka ka riƙa waiwayawa kana duba siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan injin. Da zarar ya yi rauni ko ya ɗauke, ka kashe nan take, ka duba ko leda ko ciyawa ta toshe ƙofar shigar ruwa. Ni da kaina na taɓa ƙona inji cikin 'yan mintuna saboda leda guda.

Ina kuma roƙonka da ka ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunka, domin idan ka faɗa ruwa injin ya mutu, maimakon jirgin ya riƙa kewayawa da farfela a kanka. Kowane fasinja ya sa rigar ruwa, kada ka ƙara ko mutum ɗaya bisa ƙima. Har yau zuciyata tana sosuwa idan na tuna ɗaliban Islamiyyar da suka rasu a Bagwai ta jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, a jirgin da aka cika fiye da ƙarfinsa.

Mai tambaya daga Dakace:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Injina bai zo da agogon auna juyi ba, don haka, Malam, zan kawo maka shi Sabon Gari ranar Asabar ka ɗaura mini ƙarami, mu kuma duba lambar da ke jikin farfelar.