Ɗigo nawa na man ƙamshi ake zubawa?

Sabuwar-shiga: Assalamu alaikum. Ina son amfani da tataccen man lavenda (wani fure mai ƙamshi) don samun natsuwa da dare. A shafa shi haka, ko sai an sirka?

Mai-haɗa-turare: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki shafa shi tsurarsa, yakan ƙona fata ko ya jawo ƙaiƙayi. Ki sirka da man kwakwa ko na zaitun: ɗigo 2 a ƙaramin cokali (mililita 5), wato kusan kashi 2 cikin ɗari. Ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, ki jira awa 24. In wurin ya yi ja, ki haƙura da shi.

Malam-na-ƙamshi: In shaƙa kike so, ɗigo 3 zuwa 5 a ruwan na'urar turara ɗaki, minti 30 ya isa. In ya wuce kima, yakan sa ciwon kai. Kada a ɗiga shi kai tsaye a ruwan wanka, domin ba ya narkewa, sai ya taso sama ya manne wa fata.

Uwar-biyu: Man lemun tsami da na bagamot (wani nau'in lemu), in an shafa, a guji rana na awa 12, suna sa rana ta ƙona fata. Na na'a-na'a kuma a nisanta shi daga fuskar jarirai. Kada a sha ko wanne.