Fim Ɗin Da Ba A Kai Ƙarshensa

Jiya a teburin mai shayi hira ta faɗa kan finafinan da muka watsar a tsakiya. Yawancin ƙorafin kan masu dogon zango ne na Kannywood da ake ɗorawa a YouTube: rabin kashi gaisuwa ce a falo, sai maigadi yana jan ƙyaure mota ta shigo a hankali. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce ka ba fim kashi 3, in labari bai motsa ba ka ceci datarka. Na Indiya mai awa 3 kuwa, a raba shi dare biyu. Masu cewa a riƙa tsallake waƙa ban bi su ba, don wani fim ɗin ita kaɗai ce abin kallo.