Neman suna ga na'urar da ke turo kaya gaba a kan kanta

Mai fassara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. An ba ni takardar horar da ma'aikatan wani babban kanti a Sabon Gari in mayar da ita Hausa, kuma ranar Alhamis zan miƙa. Abin da ya tsayar da ni wata na'ura ce da ake shimfiɗawa a kan kanta. Tire ne na roba mai layi-layi, a bayan kowane layi akwai ɗan allo da aka ɗaura wa siririn ƙarfe naɗaɗɗe, idan mai saye ya zare sabulun da ke gaba sai ƙarfen ya naɗe kansa, allon ya matso da sauran har bakin kanta. Na je na gwada da hannuna, na zare man goge baki ɗaya, na bayansa ya maye gurbinsa nan take. Me zan kira ta?

Malama, Kongo: Wa'alaikumus salam. Tunda wajen mai saye take kawo kayan, aikatau ɗin da ya dace shi ne turo, ba tura ba. Ina ba da shawarar turo-kaya, a kan tsarin dafa-duka da fasa-ƙwauri.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari: Mu a kasuwa kanta mai sifirin muke cewa, kamar yadda ake cewa gado mai sifirin, kuma kowane yaron kanti yana ganewa.

Dattijo, Birni: Ɗana, sifirin ba kalmarmu ba ce. Kakanninmu sun san abin da ake ja ya riƙe ƙarfi sannan ya saki, wato tsarkiyar baka. Ni tsarkiyar kanta nake kiran wannan abu, kuma abin takaici ne a ce a Zazzau, garin ilimi, mu ne masu gaggawar ara.

Malama, Kongo: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kanta ɗin da ke cikin sunan naka ita ma daga Turanci ta zo, haka kanti. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, kwabon da ke sunanta aro ne, ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin Hausa. Ban da haka, tsarkiya harbawa take yi lokaci guda, wannan kuwa a hankali take matsowa, gwargwadon abin da aka ɗauka.

Dattijo, Birni: 'Yata, abin da magabata suka ara don larura daban, wanda muke ara don kasala daban. Ban janye ba.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari: Ranka ya daɗe, idan na ce wa yaro ya gyara tsarkiya, sai ya tsaya yana kallona.

Mai fassara, Tudun Wada: Na gode muku duka. A ambato na farko zan rubuta turo-kaya, wato tiren kanta mai sifirin, daga nan in ci gaba da turo-kaya kaɗai. Naɗaɗɗen ƙarfen kansa zan bar shi sifirin, domin da wannan sunan za a neme shi idan ya lalace.

Dattijo, Birni: Turo-kaya dai Hausa ce, na yarda da rabin. Sifirin ɗin kuwa ba da yawuna ba.