Kafin Jibin Ubangiji

Ɗan Kwaya:
Salama 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji a majami'armu, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, kuma a addu'ar Laraba fasto ya karanta mana 1 Korintiyawa 11:28, inda Bulus ya ce kowa ya gwada kansa tukuna kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, tun daga ranar barci ya ƙaurace min. Baki ya kasa faɗa shi ya sa na zuba a waƙa, mai amsa ya amsa min.

Ni ke jan waƙa ran Lahadi,
kowa na yabon muryar bakina.
Amma wata bakwai ke nan cur
ban durƙusa ba a ɗakina.
Shekara uku ba ma ga-maciji
da wanda muka sha nono ɗaya, wana.
Kan gonar da baba ya bari,
iyaka ɗaya ta raba ni da jinina.
In na ɗaga hannu ina Halleluya
sai in ga fuskarsa a idona.
Yaya zan miƙa hannu ga gurasa
da wannan dutse a ƙirjina?

Maman Zumunta:
Kai ɗana, ka taɓo min inda ke ciwo. Shekara 19 ina cikin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, wannan ko matar fasto ban taɓa gaya mata ba.

Tunda ka buɗe naka tulun,
bari ni ma in buɗe ƙwaryata.
Ni ce ta farko a gidan makoki,
aya a baki, ga zanin Zumunta.
In ce wa gwauruwa "Allah ya sani",
alhali fushi nake da shi a zuciyata.
Tun ran da zazzaɓin kwana huɗu
ya raba ni da 'yar autata.
Na yi azumi, na yi kuka, na roƙa,
sama ta yi shiru kan addu'ata.
Har yau in an ce a tashi a yi godiya
sai in motsa baki don rufe kunyata.

Dattijo daga Wusasa:
Na karanta naku sau biyu kafin in iya rubutu.

Dawuda ya rufe batun matar Uriya,
yana zaton ƙasa ta binne shi.
Da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace,
dare da rana hannun Allah na danne shi.
Sai da Natan ya zo da labarin 'yar tunkiya,
ya ce "kai ne mutumin", ya tone shi.
Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku a bakin wuta,
carar zakara ce ta farkar da shi.
A bakin teku aka tambaye shi "kana ƙaunata?" sau uku,
aka damƙa masa tumaki maimakon a kore shi.
Ni ma da furfurata ina da nawa,
in an yabi wani dattijo sai in ji haushi.
Ni ke ƙirga baiko bayan sujada,
ina duban ambulan ɗin mutum ina auna shi.

'Yar'uwa ki buɗe Zabura 88 yau da dare, daga farko har ƙarshe kuka ne, a duhu ma ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Fushin nan ki gaya masa yadda yake. Kai kuma ɗana Matiyu 5:23-24 ba ta da kwana, ka bar baikonka a gaban bagade ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka, kuma akwai Asabar kafin Lahadi.

Ɗalibi a Samaru:
Baba ni kunya ta hana ni tun ɗazu, amma tunda manya sun faɗi nasu.

Ni nawa a aljihu yake kwana,
yana haske da dare, sunansa waya.
Kuɗin makaranta da mama ta turo
cacar ƙwallo ta cinye gaba ɗaya.
Na ce mata an sace a mota,
ta yi min addu'a a kan ƙarya.
Abin da ba na so shi nake yi,
yau in ce na daina, gobe in koma baya.

Maman Zumunta:
Ɗana ni uwa ce, ka ji daga bakina.

Kuɗi in sun tafi ana sake nema,
ka kira ta yau ka gaya mata.
Za ta yi kuka, za ta yi faɗa,
amma gara ta ji daga bakin ɗanta.

Baba na karanta Zaburar, na kasa kaiwa ƙarshe sai da na zauna a ƙasa.

Ɗan Kwaya:
Na je. Da sassafe na hau acaɓa har ƙauye.

Na same shi a gona yana noma,
daidai iyakar da ta raba mu da juna.
Na durƙusa na ce "yaya, na yi laifi",
bai ɗago ba, bai ko kalli gefena.
Can ya miƙo min fartanya ya ce in kama,
muka yi ta noma shiru har tsakar rana.
Matarsa ta kawo kunu a ƙwarya,
ya sha, ya turo sauran gabana.

Bai ce ya yafe ba, maganar gonar ma ba mu taɓa ta ba, ya dai ce in dawo bayan girbi a kira kawu a zauna. Mama yanzu na tashi daga durƙuso a ɗakina, na sa sunanki da na Baba Dattijo a cikin addu'ar. Ɗalibi, ka kira ta?