Sufacaja na hannu a kan injin kafireto: gyara ne ko kashe inji?

Mai Chevelle: Salam 'yan uwa. Ina da Chevelle ƙirar 1972 nan Amurka, injin 350 mai kafireton Holley, sai na samu sufacaja (na'urar da ke danna wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) Eaton M90 da aka kwance daga Pontiac Grand Prix GTP wajen masu sayar da kayan matattun motoci, da araha. Wani bakanike yace min duk wanda ya ɗora sufacaja na hannu kan injin kafireto to ya fara tarin kuɗin sabon inji. Gaskiya ne?

Oga Gareji: Wlh gaskiya ya faɗa maka ɗan uwa. M90 don injin injekta, mai fesa mai da kwamfuta, aka yi shi, iska tsantsa ke ratsa shi, kuma kwamfutar motar ce ke ja da taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya da zarar taji inji ya fara ƙwanƙwasa. Kafireto bai san komai ba, ka danna masa iska mai ya gaza, zafi ya hau, fistin ya narke kana kan titi. Fistin ɗin 1972 zubi ne, baya jure wannan.

Baba Dizal: A'a yaro na, ku daina cewa duk. Wannan sana'ar ma da kayan hannu aka fara ta. Bulowar 6-71, wata babbar sufacaja, da kuke gani ta leƙo saman bonet ai daga injin dizal na Detroit Diesel aka ciro ta, silinda 6 kowanne cikinsa kubik inci 71, injin da ya fito tun 1938, masu tsere suka riƙa kwance ta daga manyan motoci suna ɗora kafireto biyu a samanta, lokacin ina kwamfuta? Kuma kamfanoni da kansu sun yi, Studebaker Avanti R2 ta 1963 da sufacajar Paxton ta fito, Shelby GT350 ta 1966 ma ana iya sa mata, duk kafireto ne.

Oga Gareji: Ranka ya daɗe Baba ba musu a tarihi, amma su ai sai sun buɗe bulowar sun gyara tazarar rotocin sun canza boris da sil kafin ta hau injin fetur. Shi kuma ya sayo abin da bai san cikinsa ba, daga ƙarshe araha bata ado.

Injiniya: Ni matsalata ba tsufansa bane, ƙanƙantarsa ce. M90 kusan lita 1.5 yake turawa a juyi ɗaya, don injin lita 3.8 aka yi shi. 350 lita 5.7 ne, wato kusan lita 2.85 yake shaƙa duk juyi, kaga sai sufacajan ya juya kusan ninki biyu kafin ma ya ciyar da injin yadda yake, ba a fara maganar bus, wato ƙarin matsin iska, ba. In ka ƙaranta fulin da bel ke juya shi da shi ka kai shi ninki 2.5, inji na juyi 5,000 a minti shi yana 12,500, iskar da zai baka zafi ce zalla kuma babu intakula mai sanyaya ta, toh nan ne maganar Oga take tabbata.

Mai Chevelle: Kenan in na samu babba shikenan?

Injiniya: Rabin aiki. Abu ɗaya dake gefenka shine daga 1971 GM, kamfanin da ya ƙera motarka, ta sauke kwamfireshan (yadda fistin ke matse iska da mai a silinda), naka wajen 8.5 ne, zai ɗauki bus na 5 ko 6 psi (ma'aunin matsi) in ringi da boris lafiya. Da injin Chevelle LS6 454 na 1970 ne mai 11.25 da nace kar ka soma.

Baba Dizal: Saura kuma ka zaɓi inda kafireto zai zauna. In a saman bulowa ne yana jan mai da iska tare, dole fawa bawul na Holley, mai ƙara mai in inji ya ɗauki nauyi, ya ɗauki sigina daga manifol ƙasan bulowa, don a sama kullum zuƙa yake gani, sai ya ƙi buɗewa daidai lokacin da inji yafi buƙatar mai. Ka sa bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi bakfaya, na ga bulowar da ta tsage saboda rashinsa, har ƙusoshin sun tsinke. In kuma hura iska zaka yi cikin kafireto irin na Paxton, fulot na tagulla, mai daidaita yawan mai a kafireto, lotsewa yake, sai ka sa mai tauri, da regileta da ke ƙara matsin mai psi ɗaya duk bus ɗaya, in ba haka ba iska ta rinjayi famfo mai ya daina shiga.

Oga Gareji: Toh Baba lissafa, manifol, bel, fuli, famfon mai, akwatin ja da taimin, mitar auna mai da iska a salansa. Ina arahar?

Baba Dizal: Ban ce akwai araha ba, cewa nayi baya kashe inji in an bi ƙa'ida. Maganar bakaniken nasa kenan muke.

Mai Chevelle: Na gode iyayena. M90 zan sayar, gobe in sha Allah zan fara auna kwamfireshan kowane silinda. Baba in na samu 6-71 me zan fara dubawa?

Baba Dizal: Juya ta da hannu kaji ko rotocin na gogar juna, ka haska tocila cikin kaskon ka duba karce, sannan ka girgiza shaf ɗin kaji ko yana wasa. In karcen na kama farce, bar musu kayansu.