Majalisar Karatunmu Ta Fara Sanyi: Wane Littafin Amurka ko Kanada Ya Kamata Mu Ɗauka?

Abu Safiyya, Zariya

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Mu tara ne, akasarinmu malaman makaranta, muka kafa majalisar karatu wata huɗu da suka wuce, inda muke haɗuwa ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata bayan sallar La'asar domin tattauna littafi guda daga cikin ƙagaggun labaran marubutan Amurka da Kanada. Mun zaɓi wannan fage ne saboda abin da muka tashi da shi a makaranta adabin Afirka ne da na Ingila.

Abin da ya sa na kawo kukana gare ku shi ne majalisar ta fara sanyi tun ba a je ko'ina ba. A zaman da ya wuce mun ɗauki Beloved na Toni Morrison, ganin cewa marubuciyar ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 1993, amma mutum uku kaɗai suka kai ƙarshensa. Wani abokinmu ya zo da nasa da tsohon katin waya maƙale a shafi na 40, ya sha zoɓonsa, bai ce uffan ba har aka kira Magariba. Bayan haka, littattafai huɗun da muka karanta duk na Amurkawa ne, Kanada sunanta kawai muke ɗauke da shi. Yaya za mu tsara zaɓin littafi yadda jama'a za su riƙa gamawa, kuma daga ina ya dace mu shiga adabin Kanada?

Dattijon Gwale, Kano

Wa alaikumus salam, ɗana Abu Safiyya. Allah ya yi wa wannan majalisa taku albarka. Na shekara talatin ina koyar da adabi kafin na yi ritaya, kuma a ganina kun ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyanku ne da wuri, alhali da rarrafe yaro kan tashi. Morrison ba ta jero labarinta daga farko zuwa ƙarshe, takan yi gaba ta dawo baya, ta sauya bakin mai ba da labari ba tare da ta yi sallama ba, don haka mutumin da ya wuni a aji ya dawo gida a gajiye ba abin mamaki ba ne idan ya tsaya a shafi na 40.

Ku koma kan gajeren littafi na wata biyu ko uku har jama'a su saba da daɗin kai ƙarshe. The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1952, ana iya gama shi cikin zama biyu, Turancinsa kuma ba shi da sarƙaƙiya. Labarin wani tsohon masunci ne a Kuba da ya yi kwana 84 bai kama kifi ba, kuma na sha ganin ɗalibai suna gardama mai zafi a kan ko tsohon ya yi nasara ko ya yi asara. Ta ɓangaren Kanada, Alice Munro, wadda ta karɓi Nobel a 2013, gajerun labarai ta rubuta a kan mutanen ƙananan garuruwan lardin Ontario, kuma labari ɗaya daga cikinsu ya ishe ku zaman wata guda. Idan tsadar littafi na cikin abin da ke hana wasu, tsofaffin littattafai irin su Anne of Green Gables na 1908 da The Great Gatsby na 1925 suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg, ana iya karanta su a waya.

Maman Ilham, Winnipeg

Ina gaida Baba na Gwale, Allah ya ƙara girma. Na yarda da shi a kan gajeren littafi, sai dai a yi mini afuwa, ina ganin tsawo ba shi ne babban abin da ya kayar da mutanen Malam Abu Safiyya ba, rashin sanin tarihin da ke ƙarƙashin labarin ne. Morrison ta gina Beloved a kan abin da ya faru da gaske ga wata baiwa mai suna Margaret Garner, wadda ta tsere daga Kentucky a watan Janairun 1856, ta tsallake kogin Ohio lokacin da ruwansa ya daskare, da masu farautar bayi suka rutsa da ita kuma ta kashe 'yarta ƙarama don kada a mayar da ita cikin bauta. Wanda ya san wannan tun kafin ya buɗe shafin farko zai jure duk kai-komon marubuciyar, domin ya san inda aka dosa. Saboda haka ina ba da shawara a ranar da aka sanar da littafin wata mai zuwa, wanda ya kawo shi ya yi minti goma yana shimfiɗa wa jama'a zamanin da wurin da labarin ya faru.

Game da Kanada, ƙofar da ta fi kusa da ku ita ce The Book of Negroes na Lawrence Hill, wanda ya fito a 2007. Mai ba da labarin, Aminata Diallo, yarinya ce Musulma da aka sace tana da shekara 11 daga wani ƙauye kusa da Segu, a ƙasar Mali ta yau, aka sayar da ita a Carolina ta Kudu, daga nan ta bi ta New York zuwa Nova Scotia, lardi a Kanada ta yau, sannan Saliyo, sannan Landan. Aminata ƙirƙirar marubucin ce, amma kundin da littafin ya ari sunansa na gaskiya ne: sojojin Birtaniya ne suka rubuta shi a 1783, ɗauke da sunayen baƙaƙen fata kimanin 3,000 da suka mara musu baya a yaƙin neman 'yancin Amurka, kuma a 1792 kusan 1,200 daga baƙaƙen fatan Nova Scotia suka shiga jiragen ruwa zuwa Saliyo. Littafin yana da kauri, amma labarin a miƙe yake tafiya, ga shi kuma mai karatu Bahaushe zai gane sallar yarinyar da kewar gidanta ba tare da an yi masa sharhi ba.

Bayansa sai Indian Horse na Richard Wagamese, na 2012, a kan yaron ƙabilar Ojibwe da aka raba da danginsa aka kai shi makarantar kwana ta coci. Yara 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu, kuma cibiyar da ke adana bayanansu tana nan garinmu Winnipeg na Kanada, a Jami'ar Manitoba. Sai dai akwai cin zarafin yara a cikinsa, don haka idan majalisarku ta haɗa maza da mata, kada a zaɓi littafin da babu wanda ya riga ya karanta shi a cikinku.

Isuhu na Damagaram

Ina ƙara abu ɗaya a kan bayanin Hajiya Maman Ilham. Kanada ba da Turancin Ingilishi kaɗai take rubutu ba, akwai adabi mai yawa da Faransanci, musamman a Quebec. Bonheur d'occasion na Gabrielle Roy, wanda ya fito a 1945 ya kuma ci kyautar Femina a Faransa a 1947, yana magana ne a kan talakawan unguwar Saint-Henri ta birnin Montreal a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda shiga soja ya zama hanyar samun abin kai wa baki. An fassara shi zuwa Ingilishi da sunan The Tin Flute, don haka ku ma na Zariya kuna iya karanta shi. Ita marubuciyar a Saint-Boniface aka haife ta, wadda yanzu take cikin garin da Hajiya ke zaune.

Abu Safiyya, Zariya

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Malam Isuhu, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan majalisa amsoshinku daren jiya, kuma mun tsayar da cewa wata mai zuwa za mu ɗauki littafin Hemingway, sannan mu ba wa na Lawrence Hill wata biyu, rabi a kowane zama. Abokinmu mai katin waya ya roƙi a sake dawo da Beloved nan gaba, ya kuma ɗauki nauyin shimfiɗa tarihin Margaret Garner da kansa.